Yadda ake fara koyon Italiyanci daga tushe: matakai, kayan karatu da tsarin bita

Masu tambayata yadda ake fara koyon Italiyanci kashi uku ne: ɗaliban da ke neman gurbin karatu a jami'o'in Italiya, 'yan kasuwar da ke hulɗa da masu kamfanonin takalma, yadi da injuna na ƙasar, da kuma 'yan'uwanmu da suka riga suka sauka can suna fama da ofisoshi da asibiti ba tare da sun iya haɗa jimla ɗaya ba. Kusan dukkansu sunan manhaja suke so a ba su. Manhaja kuwa ita ce mafi ƙanƙantar abu a wannan sha'ani, domin abin da ke kayar da mutane shi ne rashin sanin abin da ya kamata a fara da shi da abin da ya kamata a jinkirta. Saboda haka na jera matakan bisa tsarin da ya dace a bi su.

Mataki na 1: Ka tsayar da inda za ka

Ana auna ƙwarewar harsunan Turai da matakai shida: A1, A2, B1, B2, C1 da C2. Kafin ka sayi littafi, ka san wanda kake nema a cikinsu. Hukumomin Italiya suna neman shaidar A2 ga mai neman izinin zama na dogon lokaci, suna neman B1 ga mai neman zama ɗan ƙasa tun daga ƙarshen shekarar 2018, yawancin jami'o'i kuma B2 suke nema ga kwasa-kwasan da ake koyarwa da Italiyanci. Ɗan kasuwar da gaisuwa, lissafi da ciniki kawai yake buƙata, A2 mai ƙarfi ta ishe shi.

Dangane da lokaci, cibiyar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta sanya Italiyanci a rukunin harsuna mafi sauƙi ga mai jin Turanci, kuma duk da haka ta taɓa ƙiyasta masa awa 600 zuwa 750 na zaman aji kafin mutum ya iya aiki da shi. Mai yin rabin awa a kullum yana tara kimanin awa 180 a shekara. Wannan lissafi ya isa ya nuna maka matsayin tallan da ke cewa za a koya maka harshen cikin kwana 30.

Mataki na 2: Mako biyun farko na furuci ne kawai

A nan Bahaushe yake da sa'ar da Bature ɗan Ingila ba shi da ita, kuma a nan zan fi daɗewa. Italiyanci yana da haruffa 21, wasulansa a rubuce biyar ne irin namu, a, e, i, o, u, kuma ana karanta kalma kusan yadda aka rubuta ta. Wanda ya iya karatun Hausar boko ya riga ya yi rabin aikin. Harafin r nasu kaɗa harshe ake yi, kamar yadda muke yi a "bara'atu" ko "tara" ta lissafi, abin da Turawan Ingila kan shafe watanni suna fama da shi.

Babbar ribarmu ita ce baƙi mai ƙarfi, wanda ake rubutawa sau biyu. Kunnen da ya saba bambanta "baba" da "babba", ko "mana" da "manna", ba zai sha wahalar raba *nono*, na tara, da *nonno*, kaka namiji ba, ko *sete*, ƙishirwa, da *sette*, bakwai, ko *pena*, wahala, da *penna*, alƙalami. Ka danne baƙin kamar yadda kake danne shi a Hausa. Akwai kalmar da sakaci a kanta ke jawo abin kunya: *anno* shekara ce, amma idan aka sassauta n ɗin ta koma sunan wata gaɓa ta jiki da ba a ambata a gaban mutane, kuma tambayar shekaru tana cikin darussan farko.

Dokokin da za ka haddace ba su da yawa. Harafin c idan e ko i suka biyo shi, c ɗinmu ne na "ci" da "ce", shi ya sa *ciao* take fita kamar "cawo". Idan a, o ko u suka biyo shi, k ne: *casa*, gida, "kaza" ake jin ta a bakin mutanen arewacin ƙasar. Idan aka saka h a tsakani ya koma k, don haka *chi* "ki" ce, *che* kuma "ke". Haka g take: *gi* "ji" ce, *ghi* kuma "gi". Haɗin *gn* yana fita kamar "ny", *sci* da *sce* kuma "shi" da "she". Harafin h shi kaɗai ba a furta shi sam, saboda haka *ho*, ina da, "o" kawai ake cewa. Haɗin *gli* ne kaɗai ba mu da makamancinsa, sai an saurara an kwaikwaya.

Gargaɗi na farko: p, f da v. Hausa ba ta raba p da f, mutanen Sakkwato, Katsina da Nijar ma sukan mayar da f ta koma h ko hw, v kuwa b muke mayar da ita. A Italiyanci kowanne yana sauya ma'ana: *porte* ƙofofi ne, *forte* mai ƙarfi, *fare* aikatawa, *pare* da alama, *basta* ya isa, *vasta* mai faɗi. Ni kaina na shafe kusan wata guda ina ce wa malamata a rufe "mai ƙarfi" alhali ƙofofi nake nufi, sai da ta sa na riƙe madubi. Ka tsaya gaban madubi minti biyar kullum: wajen p leɓɓa biyu suna haɗuwa su rufe ruf, wajen f da v haƙoran sama ne ke sauka a kan leɓen ƙasa, sai dai v tana da amo a maƙogwaro.

Gargaɗi na biyu: harshenmu ba ya son baƙaƙe su taru, sai ya cusa wasali a tsakaninsu, kamar yadda muka yi wa kalmomin aro irin su "burodi" da "sukurudireba". Kada *strada*, hanya, ta zama "sitirada", kada *scuola*, makaranta, ta zama "sukuwola".

Na uku shi ne gaɓar da ake dannawa. Galibi gaɓa ta biyu daga ƙarshe ce, amma idan akwai alama a kan wasalin ƙarshe, can nauyin yake, kamar a *città* da *caffè*. *Papà* baba ne, *papa* kuma Fafaroma. Duk kalmar da ka yi shakka a kanta, ka buɗe shafin Forvo, inda 'yan asalin harshe suka naɗi furucin kalmomi, ka saurara kyauta.

Mataki na 3: Littafi ɗaya, murya ɗaya

Kuskuren da na fi gani shi ne tara kaya. Mutum zai sauke manhaja biyar, ya shiga zauruka uku a WhatsApp, ya cika waya da littattafan da bai taɓa buɗe shafi na goma na ko ɗaya ba. Taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar. Abin da kake buƙata littafi ɗaya ne mai tsari wanda zai zama ƙashin bayan karatunka, da darasin sauraro guda ɗaya.

Littattafan da makarantun koyar da baƙi a Italiya suka fi amfani da su sun haɗa da *Nuovo Espresso* na kamfanin Alma Edizioni da *Nuovissimo Progetto Italiano* na Edilingua. Kowanne an raba shi juzu'i-juzu'i bisa matakan da na ambata, akwai aikin yi da muryoyin saurare. Sabon juzu'i ba ya rasa Yuro 20 zuwa 40, ban da kuɗin aikowa. Ka lura cewa asalin bugunsu Italiyanci ne zalla har da umarnin aikin, abin da kan firgita mai karatu shi kaɗai a makon farko, don haka ka ajiye ƙamus kusa. 'Yan'uwanmu na Nijar, Kamaru da Cadi da suka yi karatun Faransanci sun fi kowa sauƙi, domin harsunan biyu daga Latin suka fito, kuma littafin Italiyanci na kamfanin Assimil da aka rubuta da Faransanci ya dace da su ƙwarai.

Wajen sauraro, mai jin Turanci ya fara da darussan Italiyanci na Language Transfer, waɗanda kyauta ne baki ɗaya kuma suna tilasta maka ka gina jimla da bakinka kafin a faɗa maka amsa, ko kuma Coffee Break Italian. Bayan wata biyu sai ka ƙara da tashar Easy Italian a YouTube, inda ake tare mutane a titi ana yi musu tambayoyi, da rubutun abin da suke faɗa a ƙasan hoto. Ka riƙa sauke darussan mako guda a lokacin da data take da araha, kuma ka fifita murya a kan bidiyo, domin bidiyo ne ke cinye kuɗi.

Manhajar Duolingo fa? Tana da amfani wajen sa mutum ya saba da taɓa harshen kullum, kuma kyauta ce idan za ka jure talla. Amma ba ta bayyana nahawu yadda ya kamata, kuma na ga masu alfahari da kwana 300 a jere waɗanda ba za su iya tambayar kuɗin burodi ba. Ka ɗauke ta kamar gyaɗar da ake taunawa kafin a sauke tukunya.

Ƙamus kuwa, WordReference ya ishi mai farawa, Reverso Context kuma yana nuna kalma a cikin jimloli. Kada ka dogara da fassarar na'ura daga Hausa kai tsaye zuwa Italiyanci, domin takan birkita jinsi da sigar girmamawa, kai kuma ba ka kai matsayin da za ka gane ba.

Mataki na 4: Kalmomi, kowace da jinsinta

Masanin harshe Tullio De Mauro ya tattara kalmomin yau da kullum na Italiyanci, ya ware kimanin 2,000 a matsayin tushe, waɗanda su ne mafi yawan abin da ake faɗa da rubutawa. Su ne abin nemanka a shekarar farko. Kalma bakwai a rana ta kai ka can cikin wata goma.

Kowane suna a Italiyanci namiji ne ko mace, kuma wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Har ma an yi dace: yadda yawancin sunayen mata a Hausa suke ƙarewa da a, haka nasu suke, maza kuma galibi da o suke ƙarewa. Sai dai jinsin abu a Hausa ba ya nuna jinsinsa a can. Rana mace ce a wurinmu, *il sole* namiji ne; wata namiji ne a wurinmu, *la luna* mace ce. Akwai kuma masu saɓa doka, irin su *il problema* da *la mano*, da masu ƙarewa da e waɗanda ba a gane su sai an haddace, kamar *il pane*, burodi, da *la chiave*, makulli. Saboda haka kada ka taɓa rubuta suna shi kaɗai a littafinka. Ka haɗa shi da ɗan harafin da ke gabansa, *il*, *lo*, *la*, ka haddace su tamkar kalma ɗaya.

Don riƙe abin da aka koya, ba na sanin abin da ya kai manhajar Anki. Tsarinta tsarin makarantar allo ne: hadda ba ta zama sai da muraja'a, kuma abin da ya yi ƙarfi ana jinkirta waiwayarsa, mai rauni kuma ana dawo da shi gobe. Kyauta ce a kwamfuta da wayar Android, a iPhone kuma ana sayenta kimanin dala 25. Ka rubuta katunanka da kanka, Hausa a gefe ɗaya, Italiyanci a ɗaya gefen, kuma gara gajeriyar jimla da kalma tilo. Kada ka wuce sababbin kati goma a rana, in ba haka ba bayan mako uku bitar za ta taru ta kai ɗaruruwa, ka gudu ka bar ta. Wanda ba shi da babbar waya ya yanka kwali ya yi katunan da hannu.

Ka yi hattara da kalmomin da ke kama da na Turanci ko Faransanci. *Camera* ɗaki ce, ba na'urar ɗaukar hoto ba. *Caldo* zafi ne, *parenti* dangi ne ba iyaye ba, *libreria* shagon sayar da littattafai ne. Mai Faransanci ya sani *salire* hawa ne, *fermare* kuma tsayarwa. Musulmin da zai tafi ƙasar ya sa waɗannan a katunansa na farko: *maiale*, alade, *prosciutto* da *pancetta*, naman alade da aka sarrafa, *strutto*, kitsen alade, wanda ake sakawa a wasu nau'o'in burodi ba tare da kamanninsu sun nuna ba, da jimlar *senza maiale, per favore*, wato ban da alade, don Allah.

Mataki na 5: Aikatau

A nan yawanci ake sarewa. A Hausa mai aikin yana bayyana ne a gaban aikatau: ina magana, kana magana, muna magana. A Italiyanci a wutsiyar kalmar yake: *parlo*, *parli*, *parla*, *parliamo*, *parlate*, *parlano*. Shi ya sa ba su cika faɗin "ni" ko "kai" ba, ƙarshen kalmar ya wadatar. Ka horar da kunnenka ya riƙa jiran gaɓar ƙarshe.

Ga tsarin da za ka bi. Ka fara da *essere*, kasancewa, da *avere*, mallaka, har sai suna fita ba tunani. Ka lura da *avere* ake faɗin yunwa, ƙishirwa da shekaru: *ho fame*, *ho sete*, *ho venti anni*. Sannan rukunoni ukun da ke bin doka, masu ƙarewa da *-are*, *-ere* da *-ire*, a lokacin yanzu kawai. Sannan 'yan tawayen da ba a rabuwa da su: *andare*, *fare*, *venire*, *volere*, *potere*, *dovere*. Ukun ƙarshe suna da albarka, domin da zarar ka iya *voglio*, *posso* da *devo*, sai ka jingina musu kowane aikatau yadda yake a ƙamus, ka ce kana so, kana iya ko dole ne ka yi. A wata na uku ko na huɗu sai ka shiga *passato prossimo*, lokacin da ya shuɗe, inda za ka tarar ana cewa *ho mangiato*, na ci, amma *sono andato*, na tafi, mace kuma ta ce *sono andata*. Bayansa *imperfetto*, sigar faɗin abin da ake yi ko aka saba yi a da. Abin da ake kira *congiuntivo* ka ƙyale shi sai ka doshi B1.

Kada ka haddace jadawali kamar karatun aku. Duk sigar da ka koya, ka gina mata jimla uku a kan rayuwarka: abin da ka ci, inda ka je, wanda ka gani.

Sai batun ladabi. Yadda muke ce wa babba "ku", su *Lei* suke cewa, da sigar da ake yi wa "ita", ko da namiji ne. *Tu* da *ciao* na abokai ne da yara. Ga likita, jami'in *questura*, wato hedikwatar 'yan sanda, ko dattijo, *buongiorno* ake cewa, a tambaye shi *come sta*, ba *come stai* ba, a yi sallama da *arrivederci*.

Mataki na 6: Tsarin yini

Minti 40 a kullum sun fi awa biyar ranar Lahadi. Ka raba su uku: minti 10 na bitar kati bayan sallar asuba, kafin waya ta fara ƙara, minti 20 na littafi, da alƙalami a hannu kana yin aikin a rubuce, minti 10 na sauraro, wanda za a iya yi a cikin mota ko Adaidaita. Wajen sauraron, ka ɗauki gajeriyar hira ta minti ɗaya, ka ji ta sau uku, ka karanta rubutunta, sannan ka bi mai maganar da babbar murya kana kwaikwayon hawa da saukar muryarsa. Rana ɗaya a mako kada ka ɗauki sabon darasi, ka koma kan na baya. Idan rana ta kuɓuce maka, kada ka ce za ka rama ninki biyu, ka ci gaba daga inda ka tsaya.

Mai son ƙwallo yana da wata ƙofa. Tun da Victor Osimhen ya ci gasar Serie A da Napoli a 2023 matasanmu da yawa suke bin wasannin Italiya, kuma taƙaitattun wasannin da sharhin Italiyanci suna nan a YouTube. Kalmomin suna maimaituwa: *rigore*, fenareti, *portiere*, gola, *fuorigioco*, satar gida. Sai dai masu sharhi suna da sauri, kada ka auna kanka da su.

Mataki na 7: Buɗe baki tun wata na biyu

Jiran sai an ƙware kafin a yi magana shi ne yake sa mutum ya shekara biyu yana fahimta amma ba ya iya amsawa. Manhajojin Tandem da HelloTalk suna haɗa ka da Italiyawan da ke son koyon Turanci ko Faransanci, ku yi musaya kyauta, kuma saƙon murya ya fi rubutu amfani. Ka kiyaye sirrinka a can, kada ka tura wa kowa kuɗi ko hoton fasfo, kuma duk wanda ya fara zancen zai samo maka biza ka rabu da shi. Mai hali ya ɗauki malami a shafin italki, inda kowane malami yake yanka farashinsa da dala. Zama ɗaya na rabin awa a mako ya isa, muddin ka zo da tambayoyinka a rubuce kuma ka roƙe shi ya riƙa gyara maka furuci.

Wanda yake cikin Italiya ya nemi cibiyar CPIA mafi kusa da shi. Makarantun gwamnati ne na ilimin manya, suna koyar da baƙi Italiyanci kyauta ko da ɗan kuɗin rajista kaɗan, kuma takardar A2 da suke bayarwa tana aiki wajen neman izinin zama. Ka sani kuma abin da za ka ji a kasuwar Napoli, Palermo ko ƙauyukan Veneto sau da yawa harshen yankin ne, wanda ya yi nisa da na littafi. Idan ba ka gane ba, ba karatunka ne ya gaza ba. Ka ce *può ripetere più lentamente, per favore*, wato a maimaita a hankali, galibi za su koma daidaitaccen Italiyanci.

Mataki na 8: Jarrabawa

Sanannun takardun shaida huɗu ne: CILS ta jami'ar baƙi da ke Siena, CELI ta jami'ar baƙi da ke Perugia, PLIDA ta ƙungiyar Dante Alighieri, da CERT.IT ta jami'ar Roma Tre. Dukkansu suna gwada sauraro, karatu, rubutu da magana, ana biya da Yuro, kuma kuɗin yana ƙaruwa gwargwadon hawan mataki da cibiyar da za a zauna. Ana rufe rajista makonni kafin ranar jarrabawa, don haka ka duba jadawalin tun farkon shekara.

Kafin ka biya ko sisi, ka tambayi jami'ar ko ofishin da zai karɓi takardar wace iri suke so kuma wane mataki. Akwai jarrabawar CILS ta B1 da aka tsara musamman don neman zama ɗan ƙasa, wadda ta fi gajarta, amma ba a karɓarta wajen neman karatu. Wata biyu kafin ranar, ka sauke tsofaffin tambayoyi daga shafin jami'ar da ke shirya jarrabawar, ka ajiye agogo a gabanka, ka kashe waya, ka amsa su cikin lokacin da aka ƙayyade. Ɓangaren magana kuma ka naɗi muryarka kana bayanin iyalinka, aikinka da garinku na minti biyu, ka saurara, ka ƙirga wuraren da p ta koma f, sannan ka sake naɗa.